Shan Kwana da Babur Cikin Gudu: Hikimarsa, Matakan Koyonsa da Muhallin da Ya Dace da Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan fasahar shan kwana da babur cikin matsanancin gudu, irin wadda ake gani a gasar tseren babura ta duniya, inda mahayi kan kwantar da babur har gwiwarsa ta shafi kwalta. An duba ƙa'idojin da ke sarrafa babur a cikin kwana, da tarihin salon, da matakan da ake bi wajen koyonsa, da kuma wuraren da aka tanada domin atisaye. Maƙalar ta nuna cewa jigon wannan fasaha shi ne tattalin damƙar da taya ke yi wa kwalta, kuma tun da ba a koyo sai da kuskure, wurin koyon dole ya kasance wanda kuskure ba zai zama ajali a cikinsa ba.

1.0 Gabatarwa

Babur ya daɗe da zama abin hawa na yau da kullum a ƙasar Hausa, tun daga na 'yan acaɓa da kabu-kabu har zuwa na ma'aikata da manoma. Yaɗuwar wayar hannu da tashoshin tauraron ɗan'adam kuma ta kawo wa matasa hotunan gasar MotoGP har cikin ɗaki, inda suke kallon mahaya suna shan kwana kwance kamar za su shafi ƙasa da kafaɗa. Abin da ido ke kamawa a irin wannan kallo shi ne kwanciyar babur da gwiwar da ke gogar kwalta, don haka su ne mai sha'awa yakan fara kwaikwayo a shataletale ko a wajen rakiyar ango. Abin da ido ba ya kamawa kuwa shi ne lissafin da ke bayan wannan kwanciya, da irin tayar da ke ɗauke da ita, da shekarun horo, da filin da aka tsara musamman domin wanda ya faɗi ya tashi da ƙafarsa. Manufar wannan maƙala ita ce fito da waɗannan ɓoyayyun abubuwa cikin harshen Hausa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar kwana, mai nufin lanƙwasar hanya, ararriya ce daga Ingilishi, kuma ta bambanta da kwana na wucewar dare ta fuskar tsawon wasali da karin sauti, duk da cewa rubutun yau da kullum ba ya nuna bambancin. Ta zauna daram a harshen har ta haifar da salon magana, kamar yadda akan ce wane ya sha kwana idan ya sauya matsayi ba zato. Sauran kalmomin sana'ar kamar birki da totur da giya da taya su ma sanannu ne. Akwai kuma wasu ma'anoni na fasahar tsere da wannan maƙala ta laƙaba wa sunaye domin sauƙin bayani. Damƙa ita ce ƙarfin riƙon da taya ke yi wa kwalta. Ƙuryar kwana ita ce gurbin da babur ya fi kusantar gefen ciki na lanƙwasa. Turin saɓani shi ne yadda ake tura kan babur domin a sa shi ya kwanta. Sararin tsira kuwa shi ne filin da ake bari a bayan kwana domin wanda ya kauce ko ya faɗi.

3.0 Abin da ke Faruwa Idan Babur Ya Shiga Kwana

3.1 Dangantakar Gudu da Kwanciya

Duk abin da ke tafiya yana son ya ci gaba a miƙe. Idan aka tilasta wa babur bin lanƙwasa, mahayi yakan ji kamar ana tura shi waje, kuma ba abin da ke hana shi kifewa ta wajen sai karkatar da ya yi zuwa ciki. Gwargwadon karkatar ba zaɓin mahayi ba ne kai tsaye, domin abubuwa biyu ne ke ƙayyade shi: gudun babur da tsananin lanƙwasar. Ƙarfin da ake buƙata kuma yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan ninka sau huɗu.

A ɗauki misalin kwanar da rabin faɗin da'irarta ya kai mita 50. Mai tafiyar kilomita 50 a sa'a zai karkata kimanin digiri 21. Mai tafiyar kilomita 70 zai buƙaci kimanin digiri 38, mai kilomita 80 kuwa digiri 45. Wanda ya shiga wannan kwana da gudun kilomita 100 a sa'a sai ya kwanta kusan digiri 58, wanda hakan ya kusa da iyakar mahayan MotoGP, waɗanda kan zarce digiri 60 kaɗan a kan tayoyin da aka ƙera domin tsere kaɗai. Wannan lissafi ya nuna cewa kwanciyar babur sakamako ce ta gudu. Mahayin da ya sa kwanciyar ta zama burinsa ya kama reshe ne ya bar tushe.

3.2 Damƙar Taya

Ɓangaren tayar babur da ke taɓa ƙasa a kowane lokaci bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma ta wannan ɗan gurbi ne birki da totur da shan kwana duk suke aiki. Damƙar da ke wurin tana da iyaka, tamkar kuɗin cefane ne da buƙatu uku ke jira. Idan shan kwana ya cinye kashi 80 cikin ɗari na damƙar, lissafi ya nuna cewa ƙarfin birkin da za a iya yi bai wuce kashi 60 cikin ɗari na cikakken birki ba. Idan ya cinye kashi 95, abin da ya saura wa birki bai wuce kashi 31 ba. Idan kuwa ya cinye duka, to taɓa birki ko ƙara totur ko da kaɗan ne zai sa taya ta sulɓe.

Ita kanta damƙar ba ta tsaya a matsayi ɗaya ba. Tana sauyawa da irin robar taya, da zafinta, da iskar da ke cikinta, da yanayin kwalta. Tayoyin tsere ba su da zane, kuma ba sa kama ƙasa sosai sai sun yi zafi, shi ya sa ake naɗe su da bargon lantarki kafin a fita da su. A ɗaya ɓangaren, idan yashi ko man dizil ya rage damƙar kwalta zuwa rabi, kwanar da aka ambata a sama wadda ke karɓar gudun kilomita 80 ba za ta ƙara karɓar abin da ya wuce kimanin 56 ba.

3.3 Turin Saɓani

Da zarar gudun babur ya wuce na tafiyar ƙafa, ba a juya kansa zuwa inda ake son zuwa kamar yadda ake juya sitiyarin mota. Mai son bin dama yakan tura hannun dama na kan babur gaba, sai tayar gaba ta ɗan kauce hagu na ƙiftawar ido, ta fice daga ƙarƙashin nauyin babur, shi kuma ya faɗa dama. Daga nan tayar takan dawo ta bi lanƙwasar da kanta. Duk mai tuƙa keke ko babur yana yin haka ba tare da ya sani ba. Amfanin saninsa shi ne, ranar da kwana ta matse fiye da zato, wanda ya san abin da hannunsa ke yi zai ƙara turi ya ƙara kwanciya, wanda bai sani ba kuwa yakan sandare ya miƙe zuwa waje. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka wallafa a 1981 bayan nazarin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjelis, ya gano cewa akasarin mahayan da abin ya rutsa da su ba su iya amfani da wannan dabara wajen kauce wa haɗari ba, kuma kashi 92 cikin ɗari sun koyi tuƙi ne da kansu ko a hannun dangi da abokai.

4.0 Asalin Salon Sauke Gwiwa

An fara gasar tseren babura ta duniya a 1949, kuma a shekarunta na farko mahaya kan zauna ne daram a kan sirdi, gwiwoyinsu manne da tanki, su kwanta tare da babur. Sauyi ya bayyana sosai a farkon shekarun 1970. Jarno Saarinen, ɗan ƙasar Finlan wanda ya taso da tsere a kan ƙanƙara kuma ya lashe gasar duniya ta ajin 250cc a 1972, ya shahara da zamo da jikinsa zuwa cikin kwana. Kenny Roberts na Amurka, wanda ya fito daga tseren filin turɓaya, ya ɗauki salon ya faɗaɗa shi, har yakan naɗe gwiwar wandonsa da tef saboda gogar kwalta, ya kuma lashe gasar ajin 500cc sau uku a jere daga 1978 zuwa 1980. Da tayoyi suka ƙara inganta, sai Marc Márquez na Sifaniya, wanda ya zama zakaran MotoGP a shekararsa ta farko a 2013, ya yi suna da sauke har gwiwar hannu.

Hikimar zamowa daga sirdi mai sauƙi ce. Lissafin karkata da aka kawo a baya ya shafi nauyin babur da na mahayi ne a haɗe. Idan mahayi ya kai nauyinsa ciki, babur zai iya ɗan miƙewa alhali gudun bai ragu ba, ta yadda matakin ƙafa da salansa ba za su daki ƙasa ba, shokazoba kuma za ta fi yin aikinta. Gwiwar da ke ƙasa ma'auni ce da ke sanar da mahayi iyakar da ya kai. Ke nan an ƙirƙiro salon ne domin a rage kwanciyar babur, saɓanin yadda mai kallo ke zato.

5.0 Matakan Shan Kwana

Makarantun horo, irin su California Superbike School da Keith Code ya kafa a 1980, sukan karkasa fasahar zuwa darussa, a ƙware a ɗaya kafin a shiga na gaba.

Na farko shi ne ido. Babur yana bin inda mahayi ke kallo. Ƙwararre yakan ɗaga kai ya hango mashigar kwana, kafin ya kai ta ya mayar da ido ga ƙuryarta, kafin ya kai ƙuryar kuma ya riga ya hango mafita.

Na biyu shi ne daidaita gudu. Mafi yawan birki ana yin sa ne tun babur yana miƙe, kuma birkin gaba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, domin nauyi yakan koma gaba idan ana rage gudu. Ƙwararru sukan shiga kwana da ragowar birki a hannu, suna sakin sa sannu a hankali gwargwadon yadda kwanciya ke ƙaruwa. Wannan dabara ta waɗanda suka yi nisa ce, saboda tana tafiya ne dab da iyakar damƙar tayar gaba.

Na uku shi ne layi. Ana shigowa daga gefen waje, a kusanci gefen ciki a ƙurya, a fita ta waje, domin a mayar da lanƙwasa mai tsanani ta zama mai sauƙi. Sabon mahayi yakan yi garajen karyawa da wuri saboda fargaba, sai ya tarar a mafita hanya ta ƙare masa.

Na huɗu shi ne totur. Da zarar an gama kwantar da babur, sai a fara buɗe totur a hankali ba tare da yankewa ba, ana ƙarawa gwargwadon miƙewar babur. Hakan yana daidaita nauyi tsakanin tayoyin biyu, yana kuma sa babur ya natsu.

Na ƙarshe shi ne zama. Ana zamowa ciki tun kafin a karya kwana, a riƙe tanki da cinyar waje, a saki damatsa, kai da ƙirji su bi ciki. An jinkirta wannan darasi zuwa ƙarshe ne da gangan, domin ba shi da amfani ga wanda bai mallaki huɗun farko ba.

6.0 Kurakurai da Nau'o'in Faɗuwa

Babban abokin gabar mai koyo shi ne abin da jikinsa ke yi idan ya tsorata. Yakan yanke totur kwatsam, ko ya damƙe birkin gaba, ko ya ƙanƙame kan babur, ko idonsa ya kafe a kan abin da yake gudu, kamar bishiya ko rami, har ya je ya same shi. Binciken Hurt ya nuna cewa a haɗurran da ba su haɗa da wani abin hawa ba, kuskuren mahayi ne sanadi a kusan biyu cikin uku, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne sulɓewa saboda wuce kima a birki ko ficewa daga kwana saboda gudu.

Faɗuwar kwana iri biyu ce. Akwai ta sulɓi, inda taya ke rasa damƙa babur ya zame ta gefen da ya kwanta, mahayi ya bi kwalta da jan jiki. Akwai kuma ta cilli, wadda ta fi muni: tayar baya ta fara zamewa, mahayi ya yanke totur, tayar ta sake kama ƙasa farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya wurga shi sama. A duka biyun, abin da ke yanke hukunci tsakanin ƙujewa da rasa rai galibi shi ne abin da jikin mahayi ya tarar a gabansa kafin ya tsaya.

7.0 Dalilin da Ya Sa Titin Jama'a Bai Dace Ba

Koyon iyakar damƙa yana nufin kusantar ta, wani lokaci ma a ƙetare ta. Titin jama'a ba shi da wurin wannan ƙetarewa. A ƙasashen da ake bin hannun dama, kamar Nijeriya da Nijar, wanda ya fice daga kwanar dama yana faɗawa ne hannun masu tahowa, wanda ya fice daga ta hagu kuma yana tarar da kwalbati ko turken lantarki ko masu tafiya a ƙasa. Mai gudun kilomita 80 a sa'a yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma ko da babur yana miƙe a kan busasshiyar kwalta yana buƙatar fiye da mita 50 kafin ya ankara ya tsaya cak. Kwana mai katanga ko ciyayi ba ta ba da wannan nisan gani. Ga kuma yashin da iska ke tarawa a gefen titi, da santsin ruwan farkon damina, da dabbobi, da yaran da ke tsallakawa. Su kansu baburan da suka fi yawa a yankin, masu ƙaramin inji da siraran tayoyi, an ƙera su ne domin ɗaukar kaya da tsimin mai, kuma ƙarafunansu kan taɓa ƙasa tun kafin a kai kwanciyar da ake gani a talabijin.

Ko rufe titi ba ya kawar da matsalar. Tseren TT na Tsibirin Man, wanda aka fara a 1907, ana yin sa ne a kan hanyoyin gari da aka rufe, masu tsawon kimanin kilomita 60 a zagaye ɗaya, kuma mahaya fiye da 250 sun rasa rayukansu a wannan hanya, duk da kasancewarsu masu horo. Bayan mutuwar Gilberto Parlotti a 1972, manyan mahaya irin su Giacomo Agostini suka ƙaurace masa, kuma bayan 1976 aka cire shi daga jerin gasar duniya. Katangu da bishiyoyi da turaku ba sa gusawa don an hana motoci wucewa.

8.0 Wuraren da Suka Dace

8.1 Filin Atisaye na Ƙaramin Gudu

Mataki na farko shi ne killataccen fili mai shimfiɗaɗɗiyar kwalta, wanda aka samu izinin amfani da shi, aka share yashinsa, aka jera alamomin roba. A nan ake koyon kallo, da turin saɓani, da birkin gaggawa, da zagaye mai siffar lamba takwas, a gudun da bai wuce kilomita 30 zuwa 40 ba. Wasan jimkana na babura, wanda ya bunƙasa a Japan, ya nuna cewa ana iya kai wa ga gwaninta mai ban mamaki a irin wannan fili. Wannan shi ne matakin da ƙungiyoyin mahaya da makarantun tuƙi za su iya samarwa a kowane gari ba da tsada ba.

8.2 Filin Turɓaya

Tseren turɓaya yana koya wa mahayi yadda zamewar taya take a gudun da faɗuwa ba ta cika yin muni ba. A nan Roberts ya samo ƙwarewarsa, Valentino Rossi kuma ya gina irin wannan fili a garinsu Tavullia na Italiya, inda yake horar da matasan mahaya.

8.3 Filin Tsere

Cikakken shan kwana cikin gudu muhallinsa filin tsere ne. A can kowa hanya ɗaya yake bi, faɗin kwalta ya ninka hannun titi sau uku ko fiye, akwai sararin tsira mai tsakuwa, da shingayen iska, da jami'ai masu tutoci a kwanoni, da motar asibiti a shirye. Filaye da dama sukan ware ranakun da duk mai lasisi zai biya ya shiga, a raba mahaya rukunin sababbi da matsakaita da ƙwararru, kowane rukuni ya yi kimanin minti 20 ya huta, bayan an duba lafiyar baburansu. Ba a shiga sai da hular kwano mai rufe fuska, da rigar fata, da safar hannu, da dogayen takalma, galibi har da kariyar gadon baya. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta fi yawan irin waɗannan filaye, kamar Kyalami da Zwartkops da Killarney da Phakisa, wanda ya karɓi gasar duniya daga 1999 zuwa 2004, kuma daga wannan ƙasa Brad Binder, zakaran Moto3 na 2016, ya fito. A Afirka ta Yamma ba su yawaita ba, sai dai akwai Dakar Baobabs a Senegal. Filin tsere ma bai kawar da haɗari baki ɗaya ba, kamar yadda mutuwar Marco Simoncelli a Sepang ta Maleshiya a 2011 ta nuna, amma yana mayar da akasarin kurakurai su zama darasi.

9.0 Kammalawa

Shan kwana cikin gudu ilimi ne mai ƙa'idoji, wanda ya ginu a kan sanin cewa damƙar taya ƙayyadaddiya ce, kuma ido da hannu da totur ne ke tattalinta. Ware wa gudu muhalli ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin mahayin doki yakan yi kilisa a gari, amma idan tsere ya tashi filin sukuwa ake nufa. Sha'awar matasa ga babur ba za ta gushe da tsawatarwa kaɗai ba. Abin da zai fi amfani shi ne hukumomin wasanni da na kiyaye haɗurra da ƙungiyoyin mahaya su samar da killatattun filaye da masu horarwa, masana harshe kuma su daidaita kalmomin da za a koyar da fasahar da su. A kan titin jama'a kuwa, ƙa'idar ƙwararru ɗaya ce: kada gudun mahayi ya wuce wanda zai iya tsayawa a cikin nisan da idonsa ke gani, kuma a hannunsa na hanya.